Kwanon Maraɗi Ba Irin Namu Ba Ne

Tun da muka dawo daga Maraɗi, duk inda na zauna, a majalisarmu ta unguwar Damba ko a bakin masallaci bayan la'asar, tambayoyin ba sa sauyawa: yaya garin, yaya hanya, kuma da gaske ne yanzu ana auna rufin gida ba tare da an taka tsani ba? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, domin na lura kowa ina ba shi ɓangaren da ya fi sauƙin faɗi ne, in riƙe sauran. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Na nemi izinin abokin tafiyata kafin in fara. Ya ce in rubuta, amma kada in yi masa kwalliya.

Ga wanda bai san ni ba, ni injiniya ne a wani ƙaramin kamfanin haɗa wutar sola a Gusau. Aikina shi ne duba wuri kafin a ɗora farantin sola: tsawon rufi da faɗinsa, inda ya fuskanta, yadda ya karkata, da inuwar da ke faɗa masa. Na ce aikina, amma rabinsa na Malam Garba ne. Mutumin Bunguɗu ne, ya girme ni da shekara takwas, kuma kafintan rufi ne tun yana saurayi kafin ya dawo wurinmu. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Shi ke hawa da tef ɗin awo, ni ina ƙasa da littafi ina rubuta abin da ya kira.

Dalilin tafiyar kuwa, akwai wani abokina ɗan Nijar, Mahamadu, wanda muka yi jami'a tare. Yana da irin kamfaninmu a Maraɗi, kuma ya daɗe yana ba ni labarin cewa su sun koma auna rufi da hoton sama. Da Hajiya mai kamfaninmu ta ji, sai ta kira ni ofishinta. Ta ce ranta ba ya kwanciya duk ranar da ta tura mu hanyar Magami ko Wonaka mu wuni don awo kawai, ga yadda hanyoyin suka zama. Ta ce in je in koyo, in rubuto mata rahoto. Idan abin yana aiki, aikin tsani ya ƙare, kuma ba ta ga abin da Malam Garba zai riƙa yi ba. Ba ta faɗa da mugunta ba. Ta faɗa tana kallon teburinta. Na roƙe ta in tafi da shi don a gwada awonsa da na na'ura. Ta yarda. Abin da ke raina shi ne ya ka da na'urar, ko da sau ɗaya, in samu abin rubutawa. Shi kuwa na ce masa rakiya zai yi mini. Ban faɗa masa sauran ba, kuma na shaida wa kaina cewa tausayi ne ya hana ni.

Mun isa tasha da sassafe, amma direba bai tayar da mota ba sai da rana ta ɗaga, motocin da suka taso daga wancan ɓangaren suka fara shigowa. Haka ake gane lafiyar hanya yanzu, kuma babu fasinjan da ya yi ƙorafi. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuya a gonakin bakin titi. Malam Garba ya zauna jikin taga da jakarsa a cinya, a ciki akwai tef ɗinsa da ƙullin hoce, wainar dawa irin tamu, da ƙuli-ƙuli. Na ce masa a Maraɗi ma ana sayar da tef. Ya ce ana sayar da mata ma a labarin ƙarya, amma kowa da tasa yake tafiya.

A Tsafe muka tsaya karyawa, a nan kuma muka saba da matar da ke zaune gabanmu. Sunanta Madam Rifkatu, asalinta kudancin Kaduna, amma ta fi shekara talatin tana sayar da kifi a Gusau, har Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Katsina za ta, wurin 'yarta da ta haihu. Da ta ji sana'armu sai ta juyo gaba ɗaya, ta ce firjinta ya gama da ita, kifi yana lalacewa, nawa ne faranti, kuma rufinta zai ɗauka? Ni kuma, da zumuɗin sabon abu, na ciro waya na ce ta kwatanta mini gidan. Muka bi titi a hoton tauraron ɗan Adam, muka karya kwana ta bayan cocinsu, sai ga rufinta. Ta yi dariya ta ce yanzu ashe ko shanya mutum ya yi ana kallonsa. Sai dariyar ta tsaya.

"Malam, ƙara girman nan wurin," ta ce, ta ɗora yatsa. "Wannan farar motar ta maigidana ce."

Ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma an sayar da motar tun kafin a share makoki sosai. A hoton tana nan a inda ya saba ajiye ta, a karkace, gindin mangwaro. Ta ce kullum sai sun yi faɗa a kan wannan ajiyar, don tana tare mata hanyar fita da baro. Ta riƙe wayata har direba ya kira mu. Na ɗauki hoton na tura mata a tata. Malam Garba ya miƙa mata hoce ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Madam." Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Amin, Baba." Sai da muka wuce 'Yankara ya matso kusa da kunnena ya ce idan motar ta wancan lokacin ce, to rufin ma na wancan lokacin ne. Na rubuta wannan a littafina, ina jin daɗi kamar na tsinci makami.

Bayan Funtuwa taya ta yi faci, kuma jak ɗin direba ya ƙi ɗagawa, sai da maza huɗu muka tallafe motar aka cusa dutse. Rigata ta yage a hammata. Madam Rifkatu ta ce injiniyan da ba ya iya ɗaga mota gara ya koma sayar da kifi. Muka kwana a Katsina gidan wani ƙanen mahaifiyata, wanda ya ciyar da mu tuwon shinkafa da tarihin zuriyarmu, kowanne fiye da yadda ciki zai ɗauka.

Washegari muka bi ta Jibiya. A ɓangarenmu aka duba takardu aka buga hatimi, babu wata matsala. A ɓangaren Nijar muka shiga wani ɗaki inda jami'i ke zaune da babban littafi, yana tambaya da Hausa yana rubutawa da Faransanci. Ya tambayi sunana da sana'ata, ya rubuta. Ya juya ga Malam Garba ya tambaye shi sana'a.

"Mai hawa rufi," in ji shi. "Amma ka rubuta da fensir, ranka ya daɗe. Ba lallai ta kai ƙarshen wata ba."

Jami'in ya yi murmushi, ya ɗauka raha ce irin ta dattawa. Ni kuwa na gane ya san maganar Hajiya. Da muka shiga motar Maraɗi na kasa kallonsa. Shi ya sauƙaƙa mini. Ya ce bangon da ya raba ofishin Hajiya da inda muke ajiye tsani na falankin katako ne, kuma shi ya kafa shi da hannunsa, ya san abin da yake tarewa da abin da ba ya tarewa. Ya ce bai ji haushi ba, sai dai ya so ya ga ko zan faɗa masa kafin mu fita ƙasa. Na nemi gafara. Ya ce Allah ya yafe mu duka, ya nuna mini wasu raƙuma ta taga don a sauya magana.

Masu tambayata yaya garin yake, ga abin da zan iya cewa. Mutum ba ya jin ya bar ƙasar Hausa, sai dai ƙananan abubuwa su riƙa tuna masa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da ƙarfi, Malam Garba ya ce da shi za a iya korar akuya. Zogale suna kwaɗa shi kamar mu, amma sun fi mu sakin hannu da ƙuli da yaji. Da azahar ofisoshi kan rufe na wani lokaci mai tsawo, kowa ya je gida ya ci ya huta, abin da a wurinmu za a kira lalaci, amma bayan kwana biyu na fara zargin cewa mu ne ba mu da wayo. Shayi kuwa sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, kuma tashi bayan na farko rashin ladabi ne. Masaukin da Mahamadu ya kama mana mai tsabta ne, ɗaki ɗaya gado biyu, da bishiyar dogon-yaro a tsakar gida. Abin da ya fara ka da ni shi ne soket. Nasu ramuka biyu ne zagayayyu, filogin kwamfutata mai ƙafa uku ya tsaya yana kallo. Na zo koyon aikin zamani da kwamfuta a mace. Mahamadu ya yi dariya har da hawaye, ya ce tun muna makaranta haka nake, in karanta littafi duka in manta biro ranar jarrabawa.

A ofishinsa ya nuna mana aikin. Ana shigar da wurin da gida yake, hoton tauraron ɗan Adam ya bayyana, a danna kusurwoyin rufin ɗaya bayan ɗaya, manhajar ta fitar da tsawo da faɗi, ta nuna inda rufin ya fuskanta da inda inuwar bishiya ko bene za ta faɗa a kowane lokaci na shekara. Wannan duban farko ne, wanda ke nuna ko aikin ya cancanci a bi shi. Idan babban aiki ne, sai su tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi, da takardar izinin hukuma, ya ɗauko hotuna masu yawa, a haɗa su, har karkatar rufin ta fito. Daga nan a jera farantan a kan hoton a ga nawa za su shiga. Abin da ke cinye mana wuni guda da man mota da fargabar hanya, an gama shi kafin a zuba shayi na biyu. A matsayina na injiniya na ji sha'awa ƙwarai, kuma na ji kunyar jin sha'awar, domin Malam Garba yana tsaye a bayana.

Tambaya ɗaya ya yi ranar. Ya nuna tsakar gidan maƙwabta da ta fito a gefen hoton, da tabarma da turmi, ya tambayi Mahamadu wa ya yi wa waɗannan sallama. Ya bayyana masa cewa shi bai taɓa jingina tsani ba sai ya aika gidajen da ke kewaye an faɗa wa mata za a hau sama, su kimtsa. Mahamadu ya ce gaskiya mai gidan da za a yi wa aiki kawai suke gaya wa. Wannan ma na rubuta shi.

Rana ta uku aka yi gwajin. Wata makaranta ce mai zaman kanta a gefen gari, dogon gini mai rufin kwano, wadda jirgin ya riga ya auna, Mahamadu ya rufe sakamakon bai nuna mana ba. Aka jingina tsani, Malam Garba ya yi bisimilla ya hau. Ni kuma na yi abin da na saba: na nemi inuwa, na buɗe littafi, na duƙar da kai. Ya kira tsawo, na rubuta. Aka matsar da tsani, ya kira faɗi, na rubuta. Muka koma ofis ina da tabbacin cewa ko bai ka da na'urar ba, za su yi kunnen doki.

Da aka buɗe, faɗin ya yi kusa, amma a tsawo awon Malam Garba ya gaza na jirgin da fiye da mita guda. A aikinmu wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Layin faranti guda ne. Mahamadu, saboda kara, ya ce wataƙila jirgin ne ya yi kuskure, a koma da tef a sake. Har ya ɗauki makullin mota.

"Kada ka ƙona mai, Malam Mahamadu," in ji Malam Garba. "Na'urarka ta yi daidai. Ni ban ja tef ba. Kwano na ƙirga."

Mahamadu ya ajiye makullin a hankali ya ce zai je ya duba abinci. Daga baya ya gaya mini cewa shi ya gani tun a can: Malam Garba bai bar kan tsani ba, kuma tef ɗin bai fita daga aljihunsa ba. Ya ɗauka wata dabara ce tamu da na sani.

Bayan la'asar muka zauna gindin dogon-yaron masauki, ya ba ni labarin. Ya ce a daminar bara, a kan rufin wani shago a Tsafe, ya miƙe tsaye sai ya ga garin yana juyawa. Ya zauna a kan ƙoƙuwar rufin ya riƙe kwano da hannu biyu har abin ya lafa. Ni ina ƙasa ina waya. Ya je asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba shi magani, aka ce ya rabu da hawa sama. Tun daga ranar bai sake taka rufi ba. Yakan tsaya a matakin ƙarshe na tsani, ya ƙirga kwanuka. Ya san faɗin kowane irin kwano da ake sayarwa a kasuwar Gusau, ya san yadda kafintocinmu ke ɗora ɗaya a kan ɗaya, domin rabinsu shi ya koya musu. Ya ƙirga, ya lissafa a ka, ya kira mini. Shekara guda ke nan, kuma babu aikin da aka dawo da shi.

"Wanga kwano nasu ya fi namu faɗi," ya ce. "Na gani tun ina bisa tsani, raina ya ba ni. Amma in na ce a ba ni wani ya ja tef, mi zan ce maka? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga ta ta zo a ƙasar mutane."

Na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mini. Ya ce abin da ya hana ni gaya masa maganar Hajiya.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Shekara guda mutum yana tsaye a kan tsani, taku kaɗan daga inda nake zaune, bai taka rufi ba, ni kuma ban sani ba. Ba ɓoyewa ya iya ba. Ni ne ban ɗaga kai ba. Ina kiran kaina mai duba wuri, na yi karatun auna kusurwar rana, amma abokin aikina na shekara goma sha ɗaya ban duba shi ba. Kuma na sa hannu a kan awon da ban ga an yi ba. Da ya faɗo a Tsafe, da ƙarar faɗuwarsa ce za ta sanar da ni. Na kawo shi Maraɗi don ya ceci aikinsa ta hanyar hawa rufi, ashe abin da nake roƙon Allah ya bar masa shi ne abin da zai iya kashe shi.

Washegari na so mu bar shi ya huta, ya ƙi. Ya ce ya zo ganin abu, zai gan shi har ƙarshe. Mahamadu ya buɗe hotunan jirgin na wannan makarantar a babban allo yana nuna mini yadda ake jera faranti. Ya jera su reras a ɓangaren kudu. Malam Garba, wanda ke zaune gefe da kofin shayi, ya ce a ƙara girman kusurwar gabas. Aka ƙara har kawunan ƙusoshi suka fito kamar ɗigon tawada. Ya tashi ya matso. Ya nuna cewa a sauran rufin layukan ƙusa a miƙe suke kuma kusa da juna, amma a nan sun yi nisa, alamar katakon da ke ƙasa an yi masa rowa. Ya nuna wani layi da ya karkace, ya ce mai bugun yana laluben katako ne bai same shi ba, rabin ƙusoshin nan iska suka kama. Ya ce kwanon wurin ya fi sauran haske, sabo ne, an yi gyaran gaggawa. Idan aka ɗora nauyi a nan, iskar farkon damina za ta tafi da faranti da kwano tare.

Mahamadu ya kira mai makarantar a waya. Mutumin ya ce haka ne, iska ta taɓa yaye wannan ɓangaren, aka samu wani ya mayar cikin kwana biyu don kada a rufe aji. Mahamadu ya ajiye waya ya daɗe yana kallon allon. Ya ce manhajarsa tana ganin fili ne, ba ta ganin abin da ke riƙe da filin. Sannan ya ce wa Malam Garba ya zauna a Maraɗi, zai ba shi ɗaki da burodi kullum. Malam Garba ya ce haƙoransa ba su kai ba. Suka wuni suna buɗe tsofaffin hotuna, Malam Garba yana karanta tsatsa da ƙusa, wani wuri ya ce bai sani ba sai an shiga ciki an duba katako ko gara ta ci. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Ba zan ce na dawo da nasara ba. Na'urar ta fi mu sauri, ta fi mu daidai a awo, kuma ta rage mana bin hanyoyin da muke tsoro. Wannan shi ne gaskiyar da rahotona zai fara da ita. Abin da na yi ta juyawa a hanyar dawowa shi ne maganar jirin. Na tsara yadda zan rubuta komai in tsallake ta, in ce kuskuren Maraɗi na bambancin kwano ne kawai. Da muka sake tsayawa a Tsafe, muna shan fura a rumfar wata Bafulatana, na gaya masa niyyata, ina tsammanin zai gode.

Ya ajiye ludayi. "Ka rubuta shi duka, Injiniya. In ka ɓoye, wata rana Hajiya za ta ce in hau, ni kuma zan hau, don ban iya cewa a'a ba. Gara kai ka ce mata a'ar a madadina."

Na rubuta duka, har da nawa laifin. Hajiya ta karanta a gabana ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe. Ba ta ce komai a kan Malam Garba ba tukuna. Da ni ta fara faɗan. Sannan ta yanke. Za mu koma awo da hoton sama. Amma babu rufin da za a amince da shi sai Malam Garba ya duba hoton, kuma kafin a kai kaya shi zai je gidan, ya gaida mai gida, ya sanar da maƙwabta, ya shiga ciki ya duba katako daga ƙasa. Kwana uku a mako, domin aikin bai kai na kullum ba, kuma ba za ta yi masa ƙaryar ya kai ba. Tsani kuwa, ko riƙe shi aka ga ya yi, ni za ta kora. Da aka kira shi aka gaya masa, ya yi godiya kamar yadda ya kamata. Amma na ga fuskarsa. Kwana uku ba shida ba ne, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana kallon gari daga sama ba ya murna da kujera.

Ranar na ce zan kai shi gida da motata. Muka isa Bunguɗu. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure ya shiga ciki, na ji yana yi wa iyalinsa bayani a taƙaice, da muryar mai ba da labarin asara. Jim kaɗan sai matarsa, Inna Hajara, ta zo bakin ƙofar zaure ta tsaya daga ciki. Mun saba gaisawa ta bayan labule shekara da shekaru, ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ranar ta gaishe ni, ta tambayi iyali da gajiyar hanya, sannan ta ce:

"Injiniya, Malam ya ce an rage masa kwanaki. Ni ba wannan nake tambaya ba. Ya daina hawa?"

Na ce ya daina, kuma an hana shi har abada.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Tun bara, in ya fita, ba na saka tsintsiya a tsakar gida sai na ji sallamarsa. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar nan sai in tsaya da abin da ke hannuna. Ya hana ni faɗa maka, ni kuma ban iya tsallake maganarsa ba."

Daga can ciki Malam Garba ya yi gyaran murya ya ce baƙo dai ruwa ake ba shi, ba labari ba. Ta ce ruwan na zuwa. Ba ta tafi nan take ba. Na ga tana nan riƙe da gefen labulen, na kawar da kaina ga bango har ta saki.